Kafson da Gwaggo Ta Yi wa Banda

Shekarar da aka yanko mana Jihar Kebbi aka turo ni koyarwa Wara, na sauka gidan Gwaggo, ƙanwar babana. Sana'arta bandar kifi, kuma a ganinta babu abin da hayaƙi ba ya gyarawa a duniya, in ka cire halin mijinta.

Tana da wani kwali cike da kafso ja da rawaya, ragowar wanda aka rubuta mata tun muna Jihar Sakkwato. Wata rana ta ji a rediyo wai magani yana lalacewa in kwanansa ya wuce. Ba ta zubar ba. Ta baje su bisa ragar banda, gefen tarwaɗa, ta kwana biyu tana juya su da hannu.

"Kifi ma da ad da rai hayaƙi ya tsare shi," in ji ta, "balle ɗan ƙwaya?"

Na ɗauki kwalin na duba, shekara uku da wucewa. Na yi dariya har da hawaye, na kai labarin ɗakin malamai, muka ƙara wata. Ita ban ce mata komai ba. Malama guda mai satifiket, ina zan tsaya gardama da mai tuwon da nake ci?

Da damina ƙayar kurungu ta soki mijinta a ƙafa wajen jan taru. Gwaggo ta ɓare kafso biyu ta barbaɗa a raunin, ta ba shi biyu ya haɗiye, safe da yamma. Ƙafar ta kumbura kamar tulu, ta fara wari. Maƙwabta suka ce a tafi asibiti, ta ce ai magani na aiki, a ba shi lokaci. Sai kwana na tara aka sa shi a jirgin ruwa zuwa asibitin Yelwa.

Ya dawo babu yatsu uku. Bai ƙara tsayuwa cikin kwalekwale ba.

Ina kai masa kunu wata safiya ya riƙe kofin bai sha ba.

"Ɗiyata, likita ya ce akwai rubutu ga kwalin nan. Ita ba ta karatu, ni ma haka. Ke kin gane shi?"

Na ce na gani, Baba. Har yau kunyar amsar nan ba ta sake ni ba.

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini kofin, ya juya fuskarsa bango.