Inda Bakari Ya Sa Hotonsa a Kalandar Biki

Salamu alaikum. Mu nan Majidaɗi lafiya lau, 'yata Habiba amarya tana ta shirin biki, ni ma ƙafata ta yi sauƙi. Ɗana Bakari ne ban gane masa ba. Tun rasuwar babansu bara ya rage magana, abinci ma sai na tsaya a kansa.

Jiya ya nuna mini kalandar da ya tsara a kwamfuta, wadda za a raba a bikin Habiba. Mu duka muna tsakiya, kusa da juna, cikin ankonmu shuɗi. Hoton marigayi yana sama, baƙi da fari. Can ƙasa a kusurwa sai ga Bakari shi kaɗai, shi ma baƙi da fari.

Na ce, "Me ya sa ka cire wa kanka kala?"

Ya ce, "Dada, tsari ne kawai. Ido yana haɗa abubuwan da suka yi kama, ko da suna nesa. Kada Baba ya zauna shi kaɗai."

Ni da girmana na koyi karatu, ban san ilimin zane ba, amma idona ya haɗa su tun kafin ya yi bayani. Mu a gefe guda, su biyu a gefe guda.

Ranar Alhamis zai kai a buga. Iyaye mata, don Allah ku amsa mini kafin ranar: in sa shi ya gyara hoton ne, ko in ƙyale hoton in zaunar da shi mu yi magana?