Ranar Da Na Nome Saiwoyin Shura

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da na kashe bishiyoyi biyar da hannuna ba, ina ganin gyara nake yi. Shekara uku ke nan, amma in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na gama sakandare na samu aikin shara a dajin shura da ke bakin teku, kudu da Jidda. Itatuwa ne da ke tsaye cikin ruwan gishiri, kifi na ƙwai a gindinsu, tsuntsaye na sheƙa a kansu. Ba a hana cin moriyar dajin ba. Masu raƙuma na yankan ganye a ɓangare guda, baɗi su koma wani. Mu namu kwashe leda da robobi ne kawai.

Ni kuwa a unguwar Balad cikin Jidda na tashi, a hannun kakata, wadda ko a tukunyar na'a-na'a ta ga ciyawa sai na sha faɗa. Da na ga wasu tsinke-tsinke sun tsiro cikin taɓo sun kewaye bishiyoyin, sai na ari lauje na share su tas. Har hoto na ɗauka don jin daɗi.

Ba a jima ba ganye ya fara zuba, tsuntsayen suka gudu suka bar ƙwai. Shugabanmu, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya tara mu.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce, "raƙuma ne suka tattake. Gobe zan rubuta a hana su shigowa."

Wani makiyayi na gefe yana ta rantsuwa ba raƙumansu ba ne, ba mai sauraronsa. Na san aikin nan ne ke riƙe da iƙamata, takardar zamana a ƙasar. Duk da haka na miƙa wa dattijon wayata.

Ya daɗe yana kallon hoton. "Ya binti, 'yata, hancinsu kika yanke. Da saiwoyin nan suke numfashi."

"Baba, wallahi na ɗauka ciyawa ce."

"Wa kika tambaya?"



Bai kore ni ba, wurin renon dashe ya mayar da ni, aka kuma bar masu raƙuma da ganyensu. Bishiyoyin dai sun bushe, kullum ta gabansu nake wucewa.

Tun ranar na gane kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Duk abin da ban san amfaninsa ba, ba na sa masa hannu sai na tambaya.