Bandin da Bai Saki Ba

Duk wanda ya gina gidan kirki a Tawa ya san Yunusu mai plafon, wato silin ɗaki. Ɗan garin Barmu ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Abijan wurin biɗar kuɗi, ya dawo ba mota ba babur, sai wuƙaƙen shafe guda biyu da wani tari da ya ƙi rabuwa da shi. Amma hannu kam, sai dai a yi shiru. In ya haɗa allunan plafon biyu ya rufe tsakaninsu, ko da tocila ka hau tsani ba ka gane mahaɗar.

Bandin rufe mahaɗa iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai raga, mai danƙo a jikinsa, ka manna ka shafe ka kama gabanka. Yunusu ya tsane shi. "Aikin ragwaye," in ji shi. "Kwano ya ɗau zahi sau biyu, ya tsage." Shi na takarda yake sawa. Ya shimfiɗa kwaɓi, ya kwantar da takardar, ya bi ta da wuƙa har iska ta fita, ya jira ta bushe, ya sake shafewa sau biyu. Kwana uku yake yi a kan abin da wasu ke gamawa kafin azahar.

Rahamatu ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa har ta yi aure. Mijinta Muktari tela ne. Da guminsa ya gina ɗaki, ya ba wani aikin plafon saboda kunyar sa surukinsa aiki. Ana saura kwana huɗu Rahamatu ta dawo daga wankan jego da jaririyarta, sai tsaga ta fito daidai saman gado. Dole Muktari ya zo ya durƙusa.

"Baba, wata 'yar tsaga ta. In da hali a ruhe muna ita kahin su komo."

Yunusu ya hau tsani ya danna allon da babban yatsa. Ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi, ga rawaya-rawaya a gefen tsagar. Kwano ne ke yoyo, ruwa na kwanciya a sama. Magani ɗaya ne, a sauke allon duka a gyara rufi. Ya sani, wallahi ya sani sarai.

Ya dubi ƙasa, ga Muktari riƙe da tsani, kai a sunkuye. To da wane baki zai ce wa suruki ɗakin da ya gina wa 'yarsa ruɓaɓɓe ne? Kunya ta sha kansa. Ya ce a ransa zai sa matarsa Kulu ta gaya wa uwar Muktari cikin dabara.

"Ba komi," ya ce. "Miƙo min bandi."

Bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Kulu kuwa ta ce ita ma nauyin maganar take ji, a bari a ga fuska. Aka yi ta bari.

Kaico! Da mai raga ya sa, da ruwan farko ya tsage ya ɗiga, an janye gado. Nasa ko ɗigo bai bari ba. Ya riƙe ruwan damina a sama har allon ya gaji. Wata Laraba bayan la'asar, ana ruwa, Rahamatu ta fita kwashe shanya, jaririya na barci a gado, plafon ya sauko gaba ɗaya.

Da aka dawo daga maƙabarta Yunusu ya shiga ɗakin. Allunan sun farfashe ko'ina ban da mahaɗar. Ya durƙusa ya ja bandin da hannu biyu, ya ƙi saki. Mutane na cewa ƙaddara ce.

Ya juya ya ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa.

"Rahamatu," ya ce. Ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Na ga ruwan tun ranar. Ni na ruhe shi ban hwaɗi ba."

Ta juya ta fita. Yau shekara uku ke nan, kullum yana kiran sunanta, ita kuwa ba ta sake ce masa Baba ba.