Ranar da Bayan Kawu Ya Taɓa Ƙasa

Ni ban taɓa iya wani wasa ba. A makarantar mishan da na yi a Anacha, in an fita filin ƙwallo can baya ake ajiye ni, in tsaya ina fatan kada ƙwallo ta biyo ta wajena. Amma akwai wasa ɗaya da har yau nake iya tuna shi daki-daki, wata kokawa ce da kawuna ya yi a wani ƙauyen Ibo, ba da daɗewa ba bayan an sami mulkin kai.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Tun kafin a haife ni ya biyo motar albasa daga ƙasar Sakkwato, ya sauka kasuwar Ose ta Anacha, bai koma ba. Dillancin albasa yake yi, amma ba da shi aka san shi ba. An san shi da cewa tun da ya fara kokawa ba a taɓa kayar da shi ba. Duk Sallah mutanen unguwarmu sukan share fili a kan rairayin bakin kogin Kwara. Fataken shanu na Inugu su zo da nasu gwanin, mahautan Fatakwal su zo da nasu, Kawu ya kayar da su, a ci tuwo a watse. Mu baƙi ne a garin, ba gona gare mu ba, ba sarauta ba. In gardama ta tashi a kasuwa, sunan Kawu ne abin da muke da shi na tinƙaho.

Sai dai a lokacin ya haura arba'in. Ɗakina na jikin nasa, don haka na san abin da mutanen kasuwa ba su sani ba. Kowace safiya sai ya daɗe zaune bakin gado kafin ya iya miƙewa. Inna mahaifiyata takan narka man kaɗe ta aike ni da shi, in murza masa gwiwar hagu yana cije baki. In Sallah ta matso barcinsa raguwa yake yi. Bai taɓa cewa yana jin tsoro ba. Abin da yakan ce kawai shi ne yaran bana ƙashinsu nauyi gare shi.

Wata mata mai sarin albasa a wajensa ce ta jawo maganar. 'Yar wani ƙauye ce a kan hanyar Inugu, baki gare ta kamar reza, kuma tana jin Hausa daidai gwargwado. Ran nan ana ciniki ta ce a garinsu akwai saurayin da zai naɗe Kawu kamar tabarma, in ya isa ya zo bikin sabuwar doya.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Madam, ki dai ɗauki albasarki."

Amma Alhajin da ke shugabantar 'yan albasa yana zaune a kan buhu, ya ji. Kafin Kawu ya sake buɗe baki ya ce, "Ki gaya musu muna zuwa. Su tanadi mai ɗaukar yaron nasu."

Shi ke nan, magana ta fita. Kafin mako ya zagayo har Fatakwal an ji.

Da yake a Anacha aka haife ni, ina jin Ibo kamar Hausa, sai aka ce ni zan yi tafinta. Ba na son tsayawa gaban jama'a, amma in an ba ni aiki ba na iya barinsa rabi. Na je tashar mota na nemi wani dattijo ɗan ƙauyen, na tambaye shi yadda suke tasu kokawar. Na tambaya, na juya tambayar ta wata fuska, har ya fara duban hanya. Abin da na samo shi ne, a wurinmu da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa an yi kaye, sai a sake shi. A ƙauyen nan kuwa gwiwa ba komai ba ce, hannu ba komai ba ne. Sai gadon bayan mutum ya taɓa ƙasa.

Na sami Kawu yana cin abinci na faɗa masa.

Ya ce, "In ya dafa ƙasa da hannu fa?"

"Ba kaye ba ne, Kawu."

"Gwiwa biyu?"

"Ba kaye ba ne."

"To su kokawa suke yi ko rarrafe?"

Inna ta yi dariya daga madafi. Ni ban yi ba. Washegari na sake faɗa masa, ranar tafiya ma muna hawa mota na ƙara.

Ya ce, "Kai ɗan boko, na ji. Ko so kake ka rubuta min a allo in wanke in sha?"

Motar albasa Alhaji ya bayar, muka cika bayanta maƙil, har da makaɗi. Mun isa bayan azahar. Filin jar ƙasa ne a gindin wata ƙatuwar bishiya, jama'a sun kewaye shi, mata gefe guda suna waƙa, ana dukan gangunan icce masu ƙara har cikin ƙirji. An karɓe mu da mutunci, aka ba dattawanmu benci da goro. Yara suka fara, sannan samari, mu dai muna zaune zafi yana dafa mu.

Da aka fito da nasu gwanin sai na ji mutanenmu suna 'yar dariya. Gajere ne, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya, kuma a haife Kawu ya haife shi. Kawu ya tuɓe riga ya gyara bante, ya shafa ƙasa a tafin hannu, ya shiga.

Ba irin kokawar da ake ba da labari da daɗi ba ce. Sun sarƙe, suka tsaya. Yaron yana ta neman ƙafar Kawu ta ƙasa, Kawu yana danne masa wuya. Su matsa nan, su matsa can. Aka raba su suka sake kamawa. Daga inda nake ina jin numfashin Kawu kamar ana zuga wuta, ina kuma ganin yadda yake ɗauke nauyinsa daga ƙafar hagu. Makaɗinmu ya yi ta kiɗa har hannunsa ya mutu. Ni kaina sai da na ji na ƙagu a gama, kowa ma ya ci.

Can sai Kawu ya yi wani abu da na sha ganin ya yi a bakin Kwara. Ya saki jiki kamar ƙarfinsa ya ƙare, yaron ya turo da dukkan nauyinsa, Kawu ya goce ya fizgo shi. Yaron ya zube a kan gwiwoyinsa, hannu biyu a ƙasa. Bayansa a buɗe, ba abin da ya rage sai a juya shi.

Kawu ya sake shi. Ya miƙe tsaye, ya juya masa baya, ya ɗaga hannu yana dubanmu.

Mutanenmu suka tashi da ihu. Ni ma na tashi, na ƙwala kira da muryar da ban san ina da ita ba, "Kawu, baya! Sai baya!" Ba wanda ya ji. Yaron ya ɗago kai ya dubi dattawansu, kamar shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ba wanda ya ce an gama. Sai ya taso ya rungumo cinyoyin Kawu ta baya, ya ɗaga shi, ya kwantar. Bai maka shi ba, kwantar da shi ya yi.

Abin da ya biyo baya shi ne aiki mafi gajiyarwa da na taɓa yi. Na tsaya tsakanin Alhaji da dattawan ƙauyen, wannan ya yi zagi in mayar da shi ƙorafi, wancan ya yi gatse in mayar da shi tambaya. Alhaji yana cewa an ci amana, wa ya taɓa kama mutum ta baya bayan an yi kaye. Su kuma suna cewa wane kaye, ai ba a yi ba sai yanzu. Daga ƙarshe babban dattijonsu ya ɗaga sandarsa aka yi shiru. Ya ce baƙo baƙo ne, ba sa son a ce sun ci nasara da rashin sani. In Kawu ya yarda, a goge wannan a sake sabuwa.

Na je na durƙusa kusa da Kawu. Yana zaune a inda aka kwantar da shi, jar ƙasa ta manne masa tun daga kafaɗa har ƙugu. Na faɗa masa.

Ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Ka ce masa na gode. Ka ce masa ba rashin sani ba ne, kai ka gaya min har ka ishe ni. Kunnena ya ji. Hannun ne ya saba da sakin mutum."

Alhaji ya matso ya ce, "Haba, tashi mana! Dama ce aka ba ka. Me za mu je mu faɗa a Ose?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ga banten nan in kana so. Ni dai bayana ya taɓa ƙasa, kowa ya gani."

Ya miƙa min hannu na taimaka masa ya tashi. Ya je ya dafa kafaɗar yaron, ya sa rigarsa a kan ƙasar ko kakkaɓewa bai yi ba.

A mota gardama ta ci gaba. Wasu na cewa a dokarmu Kawu ne ya ci, don haka har yanzu ba a taɓa kayar da shi ba, haka za a faɗa a Fatakwal da Inugu. Wasu na cewa ai matar nan mai sarin albasa gobe da sassafe tana kasuwa, za ta faɗi yadda aka yi. Aka juyo a tambayi Kawu abin da za a ce, sai aka tarar ya yi barci. Kansa na kan kafaɗata, bakinsa a buɗe, motar tana faɗawa ramuka ko motsi bai yi ba. Hannuna ya mutu tun kafin mu yi rabin hanya, na bar shi haka har muka shiga Anacha.