Gyambon da Hajiya Rabi Ta Ɓoye

Har na yi ritaya, ranar da Hajiya Rabi ta shigo sashen haƙori ba ta bar raina ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a wani asibiti a Daura. Aikina wanke haƙori da gyaran haƙoran roba. Abin da ya fi ƙarfina sai in miƙa wa likita. Ita kuwa shugabar nas-nas ce a ɗakin haihuwa, ta girme ni a shekaru da muƙami.

Wata Laraba bayan la'asar, marasa lafiya sun watse, ta shigo ta tura ƙofa. Ta jima tana ramewa, kullum da takunkumi a fuska, ta daina cin abinci cikin mutane.

"Malam Habu, abin da za ka gani ya tsaya a ɗakin nan."

Ta zare haƙoranta na sama. Ban taɓa sanin na roba ne ba. Ta ce tun da ta yi hatsari a hanyar Zango take sa su, kuma ko barci za ta yi ba ta cirewa, balle in tana aikin kwana, kada na ƙasa da ita su ga bakinta wayam. Dasashin ya yi jawur, ga gyambo a gefe. A ƙa'idarmu, gyambon bakin da ya ƙi warkewa ana yi masa kallon ciwon daji har sai gwaji ya ce a'a.

Ta ce, "Irin dajin da yayana ya yi ne ko? Haka nasa ya fara."

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Sai likita ya ɗebi ɗan nama an kai Katsina."

"Ba ni magani kawai. In likita ya gani, gobe duk asibiti ya ji."

Na ce mata ba zan iya ba. Ta mayar da haƙoranta ta fice. Kwana da kwanaki ko gaisuwata ba ta amsawa, ni kuma ina ta fargabar ko na kore ta ke nan, ciwon ya ci gaba da cinta. Sai wata safiya na tarar da ita zaune a kan bencin marasa lafiya, tana jiran likita.

Zaman jiran sakamakon ya fi komai wuya. Da ya zo, ba daji ba ne. Gefen robar ne ya tsage yana yankarta, ga kuma ciwon suga da ba ta san tana da shi ba, shi ya hana gyambon warkewa. Aka ɗora ta a magani, na auna mata sababbin haƙora.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku riƙa duban abokan aikinku. Mu ne muke yi wa mutane faɗan ɓoye ciwo, amma in namu ne, kunyar idon juna ta fi ba mu tsoro a kan ciwon.