Yadda Muka Kai Allurar Shanu da Mota Mai Kakkarwa

Shekara biyu bayan fitowar naira, ina malamin dabbobi a Gumel, ciwon huhu ya ɓulla a shanun Arɗo Jaɓɓi, kusa da Sule Tankarkar. Aka ba ni allurar rigakafi cikin akwatin ƙanƙara, aka ce in yi wa garken Gagarawa da Maigatari, in ƙare a wurin Arɗo. In ƙanƙarar ta narke, magani ya mutu.

Gumel zuwa Gagarawa

Ranar Alhamis, ƙarfe biyar da kwata, muna idar da asuba muka ɗau hanya a tsohuwar akori-kurar ofis. Direbanmu Baba Mati ne, dattijon da ya shekara ashirin a kan sitiyari. Motar in tana gudu lafiya lau, amma da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta kama kakkarwa kamar mai masassara, ta yi tari, ta mutu.

"Silo ne ba ta da shi, Malam," in ji shi, wato inji ba ya iya aiki a hankali in ba a taka totur ba. "Fulogi ne."

Shida da rabi muna Gagarawa. Ina allura, shi yana kankare fulogai huɗu. Muka karya da koko da ƙosai na kobo biyar. Aka tayar da motar, kakkarwa na nan. Da turi muka bar garin.

Maigatari

Muka ratsa Gumel ba tsayawa, sha ɗaya saura muka shiga Maigatari, kasuwa ta cika maƙil. A shingen kwastan motar ta sake mutuwa, masu raƙuma na yi mana dariya. Muka kai ta wurin wani bakanike mutumin Damagaram.

"Ba buji ba ne, kafireta ce," in ji shi. Buji fulogi ke nan a bakinsu.

Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya mayar. Kakkarwar ta ɗan lafa, muka yi murna. Na gama da shanun kara, wato kasuwar dabbobi, na leƙa akwati: rabin ƙanƙarar ya zama ruwa.

Hanyar Sule Tankarkar

Ƙarfe ɗaya muka yanki hanyar yashi. Saura kamar mil huɗu mu isa, Baba Mati ya rage gudu saboda rami, motar ta mutu murus. Ga yashi, ba damar turi, batir kuma ya yi sanyi. Dattijon ya cire hula ya share gumi.

"Malam, iya sanina ke nan."

Ya sake murɗa makulli, a karo na uku ta kama da ƙyar. Na ce, "Baba, don Allah riƙe totur kaɗan-kaɗan, kada ka bari ta mutu."

Na ɗauko abin da nake sauraren ƙirjin shanu da shi, na cire kansa, na bar robar. Na sa a kunne, na buɗe bonet ina bin inji da bakin robar, lungu-lungu. Ƙarƙashin kafireta sai na ji wani siririn shuuu, irin na saniyar da iska ke bi mata ta inda bai kamata ba. Na laluba, ashe wani ɗan tiyo ne ya tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa. Na toshe tsagar da babban yatsa. Nan take injin ya daidaita. Na ɗaga, kakkarwa ta dawo.

"Baba, saki totur!"

Na sake toshewa, ya saki. Ba ta mutu ba.

"Allahu Akbar! Iska take sha!" Ya diro yana dariya kamar yaro. Ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe tiyon tamau.

Biyu da rabi muka isa rugar. Ƙanƙarar da ta rage ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma kwalaben da sanyinsu. Kafin la'asar sakaliya na gama da duk masu lafiyar garken. Arɗo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan aka kawo mana fura da kindirmo.

Gida

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar gidana a Gumel. Baba Mati ya ja birki, ya naɗe hannu, bai kashe ta ba. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Lafiya kuke ƙona mai a tsaye?"

"Ƙyale mu, Alhaji," in ji Baba Mati. "Tun asuba nake son jin wannan muryar."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma tsare shanun Arɗo.