Igiyar da Ban Saki Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da na tashi sama ba tare da na shiga jirgi ba. Ku yaran da aka ɗauka aiki bana kun sha ji a bakin mutane, to ku ji a bakin mai ita.

Farkon damina ne, kamfaninmu na taki ya yi hayar wani ƙaton balan-balan don talla, aka kafa shi a fili bayan garin Dutsin-Ma, gefen hanyar Kurfi. Ga wanda bai taɓa gani ba: buhu ne na yadi wanda ya fi ɗaki uku girma, a ƙasansa kwando mai ɗaukar mutum biyu. Ana hura wuta da gas, iskar ciki ta yi zafi, sai ya tashi. An ɗaure shi da manyan igiyoyi uku a turakun ƙarfe. Mu leburori shida aikinmu kama ƙananan igiyoyi idan zai sauka.

Matuƙin, wanda muke ce wa Injiniya, ya tara mu da safe. Ya ce, "Igiya a tafin hannu ake riƙe ta, ba a naɗe ta. In kun ji usur sau biyu, ku saki."

Na ce to. Ni da boko a aji biyu muka rabu, amma na yi shekaru ina kama bijimai a kara, kuma a can wanda ya saki igiya sai ya sake kasuwa don kunya. Yana juya baya na naɗe tawa sau uku a wuyan hannu.

Sada, abokin aikina, ya ce, "Baba Iro, ba sa ba ne fa."

Na ce, "Wanda ke da ƙaho ma bai kā da ni ba, balle zane."

Bayan azahar aka hau da Alhaji Mannir, babban dillalin hatsi da ke sayen kayanmu. Suna sama hadari ya haɗo daga gabas. Injiniya ya fara saukowa, har mun kama igiyoyinmu, sai iska ta buga lokaci guda. Turke biyu suka tumɓuke, igiya ta uku ta tsinke. Usur ya yi ƙara sau biyu, mutum biyar suka saki.

Ni ma na so in saki, Allah ya sani, igiyar ce ta ƙi sakina. Ta ja ni a kan kunyoyin gonar wani bawan Allah, sannan na ga takalmana a ƙasa ni ina sama. Alhaji ya leƙo yana salati, ya ce, "Malam, ina za ka?" Ni kaina ban san inda za ni ba.

Gabanmu bishiyoyin darbejiya ne. Injiniya ya ja igiyar da ke buɗe saman balan-balan, iskar zafin ta fice, kwandon ya doki ƙasa da ƙarfi. Alhaji ya karye a ƙafa. Ni kafaɗa ta goce, yatsu biyu kuma har yau ba sa lanƙwasuwa.

A asibiti Injiniya ya zauna bakin gadona. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, da ka saki, da na ƙara wuta mun haye bishiyoyin nan, mu sauka lafiya a fili wajen Kurfi. Da kai a rataye ba zan iya ba. Sai na zaɓa tsakanin ranka da ƙafar Alhaji."

Na ce, "Alhaji ya san da haka?"

Ya ce, "A rahoto iska na rubuta."

Abin da na koya shi ne, a aikin da iska ke ciki ƙarfin mutum ba ya tsinana komai, dokar da aka ba ka ita ce aikin. Na kuma koyi halin mutanenmu. Har ƙauyen Tamawa labari ya kai cewa ni kaɗai na tsaya sauran suka gudu, aka yi ta zagin su Sada. Alhaji kansa, duk ranar da ya zo sito yana ɗingishi, sai ya miƙo mini goro ya ce, "Ga namijin duniya."

Sau uku ina gaya masa gaskiya. Ya ce tawali'u ne ya yi mini yawa.